Likitanci a Japan: sai ka ji bakin marar lafiya

Ƴan uwa matasa, wani ƙanenmu ya turo mini saƙo. Yana koyon Japananci a waya, burinsa ya zama likita a Japan, wai ta ina zai fara? Na ga gara in amsa a nan kowa ya ji.

Hanya biyu ce. Ta farko, bayan BAC ka shiga jami'arsu. Karatun likita shekara 6 ne. In ka samu bursin gwamnatin Japan, wato MEXT, sai ka fara da shekara guda ta harshe. Daga nan sai jarrabawar ƙasa, sau ɗaya a shekara, a watan Fabrairu, da Japananci zalla. In ka ci, akwai shekara 2 na horo a asibiti. Ka lissafa da kanka: shekara 9 ke nan.

Ta biyu, ka gama likitancinka a Yamai, Maraɗi ko Damagaram, ka miƙa takardunka ga ma'aikatar lafiyarsu ta tantance. Za su nemi N1, matakin ƙoli na jarrabawar harshe ta JLPT, a ƙasar da haruffan kanji na yau da kullum kaɗai sun kai 2,136. Za su kuma gwada ko kana iya tambayar marar lafiya da rubuta bayaninsa da Japananci. Wasu ma sai sun yi jarrabawar share fage da shekara guda ta aiki tukuna. Saboda haka duk ɗan kamashon da ya ce maka kuɗi za su gajarta hanyar nan, ka riƙe aljihunka.

Ni dai ban ga laifin Japan ba. Likitan da ba ya jin abin da marar lafiya ke faɗi, lalube yake yi, kuma da ran mutum. Mu nan da Faransanci ake karatun likita, alhali tsohuwar da ke layin asibiti da Hausa, Zabarmanci, Fulatanci ko Tamajak za ta kwatanta ciwonta. Sau nawa muka ga an kira wani daga waje ya yi tafinta, ta ji kunya ta ɓoye rabin maganar?

Ƙanena, ka ci gaba da kanjinka, Allah ya taimaka. Mu kuma da muke gida, mu nemi makarantun lafiyarmu su koyar da duba marar lafiya cikin harsunanmu, su kuma sa shi a jarrabawa.