Haƙuri Ba Ya Saukowa Dare Ɗaya

'Yan'uwa matasa cikin Almasihu, mu daina ruɗin kanmu. Mukan kwana a taron farkaswa muna roƙon haƙuri da hawaye, gari na wayewa wani ya taɓa mu a WhatsApp, sai mu mayar masa da zagi. Har wasunmu suna cewa haƙuri halin matsorata ne. Ba mu yarda da wannan magana ba.

Mu tambayi iyayenmu na Tudun Wada. A watan Satumba 2007 an ƙona majami'u, an rasa rayuka. Waɗanda suka riƙe bangaskiya, suka ƙi ramuwa, suka ci gaba da gaisawa da maƙwabtansu Musulmi a kasuwa, su ne matsorata? Ai ɗaukar sanda ya fi riƙe zuciya sauƙi. Kuma ba ranar wahala suka koyi wannan hali ba, sun daɗe suna yinsa a gona da cikin gida.

A Yaƙub 5:7 an ba mu misali da manomi mai jiran ruwan sama. Mai noman masara a Doguwa ko Kiru ba ya naɗe hannu da sunan jira. Yana noma, yana sa taki, yana zagaya gona kullum. Haƙurin Kirista ma haka yake. Ba ya hana mu kai ƙara ko faɗin gaskiya in an zalunce mu, fushi kawai yake hana wa riƙe linzami.

To, ga abin da muke kira a yi kowace rana. Da asuba, kafin mu taɓa waya, mu ambaci sunan mutumin da ya fi ɓata mana rai, mu yi masa addu'a. In saƙo ya tunzura mu, kada mu amsa sai mun ci abinci ko mun kwana. Da dare mu tuna inda muka kasa, mu tuba, gobe mu je mu nemi gafara. Kowa kuma ya sami ɗan'uwa a zumunta da zai riƙa tambayarsa ranar Lahadi.

Madatsar Tiga da ke Bebeji da damina take tara ruwan da ake noman rani da shi. Wanda bai tara haƙuri a ƙananan abubuwa ba, ranar babban gwaji ba shi da abin ɗiba.

Ruhu Mai Tsarki ya taimake mu. Amin.