Yawancin Faci Mu Muke Jawo Wa Kanmu

Ni ɗan jeka-ka-dawo ne, kuma shekara uku ke nan ina hawan tsohon Raleigh ɗin babana zuwa makaranta. Saboda haka in na yi maganar faci, ba labari na ji ba.

Ranar da za mu yi jarrabawar Lissafi a zangon da ya wuce, tayar bayana ta sace a tsakiyar hanya. Haka na turo keken nan ina zufa, ban iso ba sai da aka yi rabin sa'a da farawa. Da aka tashi na kai wa mai faci, ina ta zagin wanda ya yar da ƙusa a hanya. Ya zaro tub ɗin, ya tsoma a ruwa, sai ga ƴan ramuka biyu dab da juna, kamar saran maciji. Ya dube ni ya ce, "Yaro, wannan ba ƙusa ba ce. Iska ce ba ka sha ba." Gaskiyarsa. Idan taya ta yi laushi, kuma ka faɗa rami ko ka hau dutse, ƙarfen wili ne zai matse tub ɗin ya huda shi. Ga shi kuma ran nan na goyo abokina, nauyin duk ya taru a baya.

Tun daga ranar na daina yarda da masu cewa faci tsautsayi ne kawai. Tub ko sabo ne yana rage iska a hankali, don haka sai a danna taya da babban yatsa kowace safiya, a buga famfo in ta nutse. Wasu abokaina sun ce ai in aka cika iska lokacin bazara taya fashewa take yi. Akwai ƙamshin gaskiya, domin zafi yana ƙara wa iska ƙarfi. Amma maganin wannan shi ne a duba lambar da ke rubuce a gefen taya kada a wuce ta, a kuma jingine keke a inuwa. Ranar da muke barin kekunanmu a ciki har ƙarfe biyu ita ke busar da roba ta yi tsage-tsage.

Sai ƙaya. Tsidau da ƙayar aduwa da ta bagaruwa ba su da tausayi, amma su ma a gefen hanya da yanken da muke yi ta gonaki suka fi yawa. Kai da kake son rage tafiyar minti biyar, sai ka ƙare da turi na sa'a guda. Wani abin da ba a kula da shi ba kuma, sau da yawa ƙaya takan kwana a jikin taya kafin ta kai ga tub. In ka juya wili da yamma ka tsince ta, ka huta. In kuwa an riga an yi faci, a shafa cikin tayar da yatsa a hankali kafin a mayar, in ba haka ba ƙayar da ta huda jiya ita za ta huda yau. A duba ɗamarar robar nan da ke rufe kawunan wayoyin wili. In ta tsinke, a yanko tsohon tub a maye gurbinta. Ni har wani tsohon tub na tsaga na shimfiɗa a cikin taya. Keken ya ɗan ƙara nauyi, amma na yarda.

Ga iyayenmu kuma, tare da girmamawa: tayar da ta suɗe har zare ya fito ba ta jin faci. Kuɗin da ake ba mu na faci sau biyar ko shida, da an tara, da ya kama hanyar sayen sabuwa.

Roƙona ga hukumar makaranta shi ne a ajiye famfo ɗaya a hannun Hed-boyi, kuma ranar shara a tura aji ɗaya su tsince ƙusoshi da fasassun kwalabe daga bakin ƙofa zuwa wurin ajiye kekuna. Ajinmu ya yarda ya fara ran Juma'a.