Tartsatsin da ya rikita kwamfutata, da dalilin da ya sa nake goyon bayansa

Kwanakin baya ina aikin wata manhaja a shagon wani abokina a Ƙofar Marke, sai linzamin kwamfutata ya riƙa tsayawa cak, allon kuma yana ƙyaftawa. Na ɓata yini guda ina neman kuskure a lambobin da na rubuta. Ashe matsalar tana bayan katanga: maƙwabcinmu mai walda ya sayo injin TIG, kuma duk sanda ya danna kunamar, kayana sai su rikice.

Na ji haushi, amma da na fahimci yadda abin yake aiki, sai na koma goyon bayansa.

A waldar da muka saba gani ta ƙofofi da tagogi, ana ƙyasta sandar walda a jikin ƙarfe kamar ashana. TIG kuwa tana amfani da tsinken tangistan, ƙarfen da ba ya narkewa sai zafi ya kai digiri 3,422, tare da iskar argon da ke kare aikin daga iskar waje. Russell Meredith ne ya inganta wannan fasaha a kamfanin jiragen sama na Northrop a Amurka a 1941. Matsalar ita ce, in tsinken ya taɓa aikin, bakinsa kan gurɓata, ɓurɓushinsa kuma ya maƙale cikin waldar.

Nan ne HF ya shigo. Iska ba ta barin wuta ta ratsa ta, kuma ƙarfin wutar walda bai kai ya tsallake giɓi ba. Don haka injin ke tura wata wuta mai dubban bolt, mai kaɗawa da sauri ƙwarai, amma mai ƙarancin gudu. Ita ke haifar da ɗan tartsatsi a tazarar 'yan milimita, ta mayar da argon ɗin hanya, sai babbar wutar ta biyo baya. Tsinke bai taɓa ƙarfe ba, amma wuta ta kama.

To me ya haɗa wannan da kwamfutata? Tartsatsin yana watsa igiyoyin rediyo. Irin wannan dabara ce Marconi ya yi amfani da ita a farkon tarihin rediyo. Dogayen wayoyin injin sun zama eriya, wayar USB tawa kuma ta zama mai kamawa.

Wani zai ce a daina amfani da shi mana, tunda akwai injinan da ake taɓa ƙarfe a hankali a ɗaga, ba sa damun kowa, sun kuma fi araha. Gaskiya ne, kuma ga ƙananan ayyuka sun wadatar. Amma matashin da ke son ya karɓi aikin alminiyam, ko ƙarfen da ba ya tsatsa na matakalar bene da kayan kicin, yana buƙatar walda mai tsabta. In ba a samu masu yin ta a Sakkwato ba, kuɗin aikin wani gari zai tafi.

Abin da nake so shi ne a koyi zama da shi. Mai walda ya haɗa injinsa da wayar ƙasa mai kyau, ya rage tsawon wayoyinsa, ya maƙala matsen kusa da wurin aiki. Mai na'urar bugun zuciya a ƙirji ya nisanci wurin. Kai kuma mai waya, kada ka sa caji a soket ɗaya da injin, kada ka matsa kusa don ɗaukar bidiyon TikTok. Hasken kansa yana ƙona ido.

Ni dai na mayar da teburina ɗaya ɓangaren shagon, maƙwabcina ya gyara wayar ƙasarsa. Tun daga ranar linzamin bai sake tsayawa ba.