Guruf Ɗin WhatsApp Gidan Haya Ne: Gyaran Da Ya Kamata Mata Marubutan Intanet Su Yi

Duk mai karanta littattafan Hausa a waya ya san yadda tsarin yake. Marubuciya za ta zauna da dare ta buga shafi ɗaya ko biyu da babban yatsa, ta saki a guruf ɗinta na WhatsApp, kafin gari ya waye an yaɗa shi a guruf goma. Idan labarin ya karɓu, sai ta tsaya daidai inda ya ɗau zafi ta ce shafukan kyauta sun ƙare: mai son ci gaba ta tura kuɗi ta banki, ta aiko da shaidar biya, a saka ta a guruf na kuɗi. Masu karatu daga Nijar kuma a ba su wata lamba daban da za su biya da sefa. Haka masu koyar da girki suke yi, haka masu rubutu kan tarbiyya, gyaran jiki da ƙananan sana'o'i.

Wannan tsari abin a yaba ne, domin mata ne suka gina shi da kansu, babu jari, babu ofis. Sai dai yana da rauni babba: kusan komai ya rataya ne a kan lambar waya ɗaya da manhaja ɗaya. Ranar da aka sace wayar, ko aka kwace asusun, ko kamfanin ya rufe lambar, aikin shekaru da jama'ar da aka tara duk sun tafi. Lokaci ya yi da mata masu rubutu a intanet za su daina ƙirga yawan membobi, su fara tambayar ko abin da suka tara zai iya tsayawa idan manhajar ta juya masu baya.

Kayan aro ba ya rufe katara

Ba sai an je nesa neman misali ba. OkadaBooks, manhajar sayar da littattafai da Okechukwu Ofili ya kafa a 2013, ta kasance kasuwa ga marubutan Hausa da dama. A ƙarshen Nuwamban 2023 ta rufe. Wadda ba ta da wata hanyar isa ga masu sayen littattafanta sai ta nan, dole ta koma nemansu daga farko.

A watan Yunin 2021 gwamnatin Najeriya ta dakatar da Twitter, ba a buɗe shi ba sai Janairun 2022, wata bakwai ke nan. Ranar 4 ga Oktoban 2021 Facebook, Instagram da WhatsApp suka ɗauke a lokaci guda na kusan awa shida, saboda dukkansu kamfani ɗaya ne ya mallake su. A watan Satumbar shekarar kuma aka katse layukan sadarwa a jihar Zamfara saboda matsalar tsaro. Ita ma Wattpad, inda dubban shafukan labaran Hausa suke ajiye, kamfanin Naver na Koriya ta Kudu ya saye ta a 2021, kuma babu marubuciyar Kano ko Maraɗi da aka nemi shawararta.

Babu wanda ya ce a guji waɗannan manhajoji. Amma mai zaman haya ba ta binne dukiyarta a tsakar gidan da za a iya ba ta notis gobe.

Kowace manhaja da aikinta

Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗora wa guruf ɗaya dukkan ayyuka: nan ake sakin rubutu, nan ake hira, nan ake talla, nan ake rigima. Shafin da marubuciya ta kwana tana bugawa sai ya nutse a ƙarƙashin gaisuwar Juma'a da sitika ɗari biyu, sabuwar shiga kuma ta yi ta roƙon a taimaka mata da shafi na ɗaya zuwa na ashirin.

Guruf ɗin WhatsApp yana ɗaukar mutum 1,024, kuma duk wanda yake ciki yana ganin lambar kowa. Saboda haka ya fi dacewa da hira tsakanin mutanen da suka san juna. Tashar WhatsApp, wadda ta iso Najeriya a Satumbar 2023, ita ce ta dace da sanarwa da shafukan kyauta, domin mabiya ba sa ganin lambar juna kuma ba sa ganin ta mai tashar. Rauninta shi ne ba ta ajiye tsohon saƙo fiye da kwana 30, don haka ba rumbu ba ce. Akwai kuma tsarin da WhatsApp ya fito da shi a Nuwamban 2022 na haɗa guruf da yawa a ƙarƙashin inuwa ɗaya da zauren sanarwa guda, wanda zai rage wa marubuciya wahalar tura shafi ɗaya sau takwas.

Telegram ya fi ƙarfi wajen ajiya. Guruf ɗinsa yana ɗaukar har mutum 200,000, ana iya ɓoye lamba a yi amfani da laƙabi, sabuwar shiga tana iya karanta abin da aka saki tun daga farko, kuma a guruf ko tasha ta sirri ana iya hana turawa da adana saƙo. Guruf ɗin Facebook kuma yana ba da damar yi wa mai neman shiga tambayoyi, a tace rubutu kafin ya fito, har a bar memba ta yi tambaya ba tare da sunanta ya bayyana ga sauran ba. Instagram da TikTok allon talla ne: nan baƙi suke fara ganin mutum, amma kamfanin ne yake zaɓar wanda zai ga me.

Za a ce ai masu karatu ba za su bar WhatsApp ba, wayoyinsu ba su da wurin ƙarin manhaja, ga tsadar data tun bayan da hukumar sadarwa ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025. Wannan gaskiya ne, kuma shi ya sa ba a cewa kowa ta tashi. Hira ta zauna inda jama'a suke. Abin da ake nema shi ne a samu ƙofa ta biyu da kowace memba ta sani tun kafin a shiga matsala, sannan ainihin rubutun ya kasance a wurin da marubuciya take da iko da shi. Kowane asusun Google yana zuwa da gigabait 15 kyauta, wanda ya ishi ɗaruruwan littattafai. Wadda take buga labarinta kai tsaye a cikin akwatin saƙon WhatsApp, ba ta da kwafi a ko'ina, tana wasa da guminta.

Lambar waya ita ce ƙofar ɗaki

Ga mace, bayyanar lamba ba ƙaramin abu ba ne. Link ɗin guruf da aka manna a Facebook kowa yana iya dannawa, ciki har da namijin da ya sa hoton fure da sunan mace. Da ya shiga ya samu ɗaruruwan lambobin 'yan mata da matan aure. Daga nan sai kiran dare, sai saƙon banza, wani lokaci har rigimar da za ta kai gaban miji ko iyaye, a ƙarshe a raba yarinya da wayar gaba ɗaya. Wanda ya yi laifin yana can yana neman wani guruf, ita ce ta rasa karatu da kasuwa.

Yawancin masu kula da guruf sun saba da neman saƙon murya don tabbatar da cewa mace ce. Wannan dabara ta fara tsufa, domin akwai manhajojin sauya murya, kuma ba wuya mutum ya ba ƙanwarsa waya ta yi magana. Abin da ya fi shi ne a kunna tsarin da sai admin ta amince kafin a shiga, a riƙa sabunta link ɗin duk lokacin da ya yi yawo, kuma a guruf ɗin da ake maganar sirri a ce sai wata tsohuwar memba ta tsaya wa sabuwa. Ita kuma marubuciya ta ware layin aiki daban da na gida. Ta kuma tuna cewa duk wanda ta ba lambar asusun banki zai ga cikakken sunanta, ko da da laƙabi take rubutu.

Sai satar asusu. Salon ya zama sananne: wani zai kira ya ce daga guruf kaza yake, za a yi taro ta intanet, an turo lambobi shida, a karanto masa don a yi rajista. Waɗannan lambobi su ne mabuɗin asusun WhatsApp. Da ya karɓa sai ya hau asusun, ya fara tura wa membobi saƙon neman rance ko tallan jarin bogi da sunan marubuciyar da suka amince da ita. Maganin bai kai minti biyu ba: a shiga saitin asusu a kunna tabbatarwa mai mataki biyu, a sa lambar sirri da adireshin imel. Guruf ɗin da admin ɗinsa ba su yi wannan ba, bai kamata a ce yana karɓar kuɗin mutane ba. Haka kuma kada admin ta zama ɗaya tilo. A samu biyu ko uku da aka yarda da su, don idan an kwace asusun ɗaya sauran su cire shi nan take.

Taron tsintsiya ba shara

Manhaja tana tara mutane ne kawai. Abin da yake mayar da su jama'a ɗaya shi ne doka da masu tsare ta. A 2015 wata 'yar Najeriya mazauniyar Amurka, Lola Omolola, ta buɗe guruf ɗin mata a Facebook mai suna Female in Nigeria, wanda ya haura mutum miliyan ɗaya, har Mark Zuckerberg ya gana da ita a 2017. Ba wata fasaha ta musamman ta yi amfani da ita ba. Ƙa'ida ta kafa cewa ba a yanke wa wadda ta kawo labarinta hukunci, ta kuma samu mata masu sa kai da suke tsare wannan ƙa'ida dare da rana.

Wannan shi ne abin da guruf ɗin Hausa da yawa suka rasa. Mace za ta kawo damuwar aurenta tana neman shawara, kafin la'asar hoton maganarta yana yawo a wasu wurare. Ya kamata doka ta farko ta zama cewa duk wadda ta fitar da maganar wata za a cire ta, ko ita ce ta fi kowa sayen littafi. A rubuta dokokin a bayanin guruf, gajeru, kuma a yi wa kowa hukunci iri ɗaya. Aikin admin kuma aiki ne: tana cin data, tana cin zagi, tana raba faɗa. Idan guruf yana kawo kuɗi, adalci ne a ware mata wani abu, ko da kuɗin data ne.

Haɗuwa ta fi gasa

Babbar matsalar da ta fi ƙarfin mace ɗaya ita ce satar fasaha. Mutum ɗaya za ta biya, ta kwafe littafin, a haɗa shi dokumen a raba kyauta, ko a karanta shi a YouTube a ci kuɗin talla ba tare da izini ba. Babu saitin da zai hana wannan gaba ɗaya, tunda ana iya ɗaukar hoton allo da wata wayar. Amma akwai hanyoyin bi. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a Maris ɗin 2023, ta tanadi hanyar neman a sauke aikin da aka ɗora a intanet ba da izini ba, kuma YouTube da Facebook suna da fom na kai irin wannan ƙara. Marubuciya ɗaya za ta gaji da cike fom. Marubuta talatin da suka raba aikin, suke sanar da juna lambobin masu fitar da littafi da masu turo shaidar biya ta bogi, ba za su gaji da wuri ba.

Wannan ba sabon darasi ba ne a adabin Hausa. Lokacin da kamfanonin ɗab'i ba su kula da sababbin marubuta ba, ƙungiyoyi irin su Raina Kama a Kano, wadda Balaraba Ramat Yakubu take cikin jagororinta, su suka haɗa kai suka riƙa buga littattafansu suna tallata na juna. Hafsat Abdulwaheed ta fitar da So Aljannar Duniya tun 1980, kuma har yau ana iya samun littafin a riƙe a hannu. Gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016 ta nuna yawan matan da suke da abin faɗa. Abin tambaya shi ne, cikin dubban labaran da aka saki a WhatsApp a shekaru goman nan, nawa ne za a iya nemowa cikakku nan da shekara ashirin?

Ƙungiyoyin marubutan intanet suna da yawa, kowace da tambarinta da takenta a saman shafi. Ya kamata aikinsu ya wuce sa hannu a kan littafi. Su buɗe rumbu na bai ɗaya inda kowace memba za ta ajiye kwafin aikinta da ranar da ta kammala shi, wanda zai zama hujja idan rigimar mallaka ta taso. Su riƙa duba rubutun juna kafin a saki. Su koya wa sababbin shiga tsaron asusu a makon farko, kafin a koya masu yadda ake tallan littafi.

Wadda take da guruf a yau tana iya gwada kanta da tambaya ɗaya: idan wayar nan ta faɗa ruwa yanzu, layin kuma ya ƙi dawowa, ina littattafan suke, kuma ta ina masu karatu za su same ta? Idan amsar ita ce sai dai a yi addu'a, to aikin daren yau shi ne kunna lambar sirri, kwafe rubutu zuwa rumbu, da naɗa admin ta biyu. Shafi na gaba zai iya jira zuwa gobe.