Waswasi Dabam, Kafaffen Zato Dabam

A watan Oktoba na 2019 'yan sanda suka shiga wani gidan mari a Daura, suka fito da mutum 67, yawancinsu da sarƙa a ƙafa. Ba duk ne masu taɓin hankali ba. Amma abin ya nuna al'adarmu: in tunanin mutum ya gagare mu, sai mu nemi maƙeri kafin mu nemi likita.

Akwai ciwo iri biyu da mu kan haɗa mu kira hauka. Na farko waswasi. Mutum ya yi alwala, ya sāke, ya kuma sāke, har liman ya sallame yana nan bakin buta. Ko akawu ya kulle ofis, ya kai gida, ya komo ya taɓa kwado sau uku. Wannan ya san abin banza ne, kunya ma ya ke ji, sai dai ya kasa bari. Malaman fiƙihu sun san shi tun da daɗewa. Duk wanda ya karanta Ahalari ya ga an umurci mai waswasi ya yi watsi da shakkarsa. Likitocin zamani kuwa kusan hanyar ke nan su ke bi: a horar da shi sannu sannu ya jure wa shakkar ba tare da ya maimaita ba, in ta kama a haɗa da magani.

Na biyu ya fi wuya, watau kafaffen zato. Mutum ya haƙiƙance maƙwabcinsa na binne masa sammu a ƙofar gida, ko matarsa na cin amanarsa, ba dalili ko ɗaya. Kawo masa shaidu goma, sai ya ce su ma an saye su. Yana iya riƙe aikinsa sarai, ya ci kasuwa, shekara da shekaru ba a gane ba, har ran da za a ji ya saki matar ko ya ɗauki wuƙa. Gardama ba ta warkar da shi, bulala kuwa sai ta tabbatar masa lalle ana ƙinsa. Magani akwai, tun wanda aka fara gwadawa a Faransa a 1952.

A 1954 Likita Adeoye Lambo ya zaunar da masu irin wannan ciwo a ƙauyukan Aro, kusa da Abeokuta, kowane da ɗan'uwansa mai jinya, ba mari ba turu. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da marigayi Muhammadu Buhari, ɗan garin nan, ya sa wa hannu, aka bayyana a farkon 2023, ta kawar da tsohuwar dokar mahaukata ta 1958.

To, akawuna da malaman makaranta, ku ne ku ke zama da mutane kullum, ku za ku fara lura. Kada ku yi masa dariya, kada kuma ku ce masa gaskiyarsa ce don a zauna lafiya. Ku sami babban gidansu a asirce, a kai shi asibitin Daura. In abin ya fi ƙarfinsu, akwai Dawanau a Kano, da Barnawa a Kaduna, da Kware kusa da Sakkwato.