Sharhi: A Auna Kafin a Canza



Duk wanda ya zaga Dutse a 'yan shekarun nan, daga Takur zuwa Fagoji, ko ya bi hanyar Kiyawa har Jahun, ya ga yadda rufin gidaje ya sauya kama. Faifan sola ya hau kan kwano, batir da inbata sun shiga ɗaki, rijiyoyin burtsatse a ƙauyuka suna turo ruwa da hasken rana. Ga wutar KEDCO, kamfanin da ke raba lantarki a Kano da Katsina da Jigawa, tana zuwa tana ɗaukewa, ga janareta a ƙofar shago. Kayan wuta sun yawaita a hannunmu, amma masu auna wuta kafin su yanke hukunci har yanzu 'yan kaɗan ne.

Kun san yadda abin yake faruwa. Inbata ta fara ɗaukewa tun kafin a idar da sallar isha'i. Maigida ya kira mai gyara. Ya zo, ya duba, ya ƙwanƙwasa nan ya jijjiga can, ya ce, "Alhaji, batir ɗin nan ya mutu." A ciwo bashi a sayo sabo. Bayan sati biyu matsala ta dawo inda take, domin tun farko kan waya ne ya saki ya yi tsatsa, ko kuwa na'urar da ke daidaita caji ce ba ta tura komai. Batir mai sauran rai ya tafi hannun 'yan gwangwan a banza.

A kasuwar Shuwarin ba wanda zai biya kuɗin gero sai ya ga an auna da mudu a gaban idonsa. To, me ya sa muke biyan dubban nairori a kan gyaran wuta ba tare da an auna komai ba?

Ma'aunin yana nan, kuma ba tsada gare shi ba idan aka kwatanta da batir guda. Shi ne ɗan akwatin nan da masu gyara ke kira mita, mai maɓallin juyawa a tsakiya da wayoyi biyu, ja da baƙa. Wani injiniyan gidan waya a Birtaniya, Donald Macadie, shi ya gaji da ɗaukar na'urori daban-daban ya haɗa su wuri guda, aka fara sayar da ita a 1923. Tana auna ƙarfin wuta, da yawan wutar da ke gudana, tana kuma faɗa maka ko waya ta tsinke a ciki.

Mu ɗauki batir, tunda shi ne ke cinye kuɗin mutane. Baƙar waya ta shiga ramin da aka rubuta COM, ja ta shiga ramin da ke da harafin V. A juya maɓalli zuwa V mai miƙaƙƙen layi a kai, a tsaya a kan 20. Ja ta taɓa kan batir mai alamar tarawa, baƙa a ɗaya kan. Batir mai ruwa na bolt 12, idan ya cika kuma ya huta, zai nuna 12.6 ko sama kaɗan. Idan ya nuna 12.2, ya sha kusan rabi. Idan ya sauka ƙasa da 12, ya yi ƙasa sosai. Amma a nan ne ake yaudarar mutane, musamman masu sayen batir na hannu. Batirin da aka cire daga caji yanzu-yanzu yakan nuna lamba mai kyau ko da ya gaji. A bar shi ya huta wasu sa'o'i, sannan a ɗora masa kaya, a kunna fanka da ƙwayaye, ido yana kan mita. Mai lafiya zai sauka kaɗan ya tsaya. Gajiyayye zai zube nan take. Wannan gwaji na biyu shi ne shaida, kuma duk mai sayar da batirin da ya ƙi yarda a yi shi, ka riƙe kuɗinka.

Faifan sola ma yana da nasa wayon. Ƙaramin faifan da ake haɗawa da batir mai bolt 12, idan aka cire shi aka auna da rana tsaka, zai nuna wajen 18 zuwa 22. Sai dai a lokacin hunturu, ƙura ta lulluɓe gilashin, bolt ɗin zai nuna kusan daidai, amma wutar da ke gudana ta ragu ƙwarai. Wanda ya tsaya a awon bolt kaɗai zai rantse faifan lafiya lau yake, ya ɗora wa batir laifi, alhali tsumma da ruwa ne maganin.

A soket ɗin bango kuwa, maɓalli yana komawa V mai lanƙwasasshen layi, a kan lamba mafi girma, 600 ko 750. Wutar gida a Najeriya bolt 230 ce, da ɗan sama ko ƙasa. In ka ga 160 ko 170, kada ka kunna firji ko injin ruwa, domin rabin wuta yana dafa inji a hankali har ya ƙone. In kuma ka ga ta haura 300, kashe babban makunnin gida nan take, ka sanar da maƙwabta. Sau da yawa alama ce wayar nutural ta tsinke a layi, kuma a irin wannan hali wuta na iya kusantar 400, ta ƙone talabijin da fanka na layi guda a dare ɗaya. Sukundireban nan mai ɗan haske da kowa ke sokawa a soket ba ya iya gaya maka wannan. Iyakarsa ya ce akwai wuta, ba zai ce nawa ba ce.

Awon tsinkewar waya shi ne mafi sauƙi. A zare abin daga wuta gaba ɗaya, a juya maɓalli zuwa alamar ƙara, a taɓa bakin fis biyu ko kan waya da ƙarshenta. Mita ta yi kuka, hanya a buɗe take. Ta yi shiru, nan ne ciwon. Dutsen guga da yawa da aka jefar, wayarsu ce kawai ta karye daga ciki.

Dole in ja kunne da babbar murya, domin lantarki ba ya ba da uzuri. Kada a yi wannan awo na ƙara a kan abin da ke da wuta. Kada a manta jar waya a ramin da aka rubuta 10A sannan a soka ta a soket, domin mita za ta iya fashewa a hannu, har ta kai ga ido. Yatsu su tsaya bayan robar, ƙafa cikin busasshen takalmi, ba a kan jiƙaƙƙen siminti ba. Cikin inbata na riƙe wuta ko bayan an kashe ta, wannan aikin ƙwararru ne. Falwaya da taransfoma kuwa ba wurin wannan mita ba ne, na ma'aikatan kamfani ne. Ita kanta mitar tana da ɗan batir a ciki, idan ya yi sanyi sai ta fara ƙarya, shi ya sa ake fara gwada ta a kan abin da aka san lafiyarsa.

Kirana na farko ga iyayen gida ne masu yara a shago. Yaron da ya shekara uku yana ɗauko filaya da tsani, bai taɓa riƙe mita ba, an tauye masa haƙƙi. Ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jiha da ke nan Dutse da na Hussaini Adamu a Kazaure suna karanta wannan a aji, amma yawancin masu shiga gidajenmu a shago suka koya, don haka a shagon ya kamata a koyar da awo tun watan farko. Hukumomin da ke raba kayan sana'a ga matasa su sa mita a cikin jakar, tare da wanda zai nuna yadda ake karanta ta.

Kai kuma maigida, ke kuma uwargida, idan mai gyara ya ce abu ya mutu, babu rashin kunya a ce masa, "Malam, auna mu gani." A sa shi ya faɗi lambar da ya samu da wadda ya kamata a samu, a rubuta a takarda da kwanan wata, a ajiye kusa da batir don mai gyaran da zai zo nan gaba.