Kansilolinmu, Mashigin Ruwa Ma Mazaɓarku Ne



Mu nan arewacin Yobe ba mu da teku, ba mu da tashar manyan jiragen ruwa irin ta Apapa. Amma muna da tamu daidai ƙarfinmu: bakin kogin Yobe a Gashua, mashigan tafkin Nguru, da Komadugu Gana da ke ratsawa ta gefen Dapchi. Da damina ta kankama, a nan manomi ke hawa kwale-kwale zuwa gona, a nan ake sauke kifi da shinkafa, a nan ake fito da mai naƙuda zuwa asibiti. Tambayarmu ɗaya ce: wa ke kula da waɗannan mashigai?

A farkon Janairun 2026 kwale-kwalen da ya taso daga Adiyani ta jihar Jigawa zuwa Garbi a ƙaramar hukumar Nguru ya kife da daddare, fiye da mutum 20 suka rasu. Allah Ya jiƙan su. An yi ta'aziyya, an kai gudunmawa. Amma ta'aziyya ba ta toshe hudar jirgi.

Duk kansilan da ka tara da wannan magana, amsar da ta fi yi masa sauƙi ita ce harkar ruwa ta Tarayya ce, a tambayi NIWA. Gaskiya ne NIWA ce ke da iko da hanyoyin ruwa na cikin ƙasa, kuma ta hana tafiyar dare da ɗibar da ta wuce ƙima. To amma hedikwatarta tana Lokoja. Ma'aikacinta ne zai tsaya bakin ruwa bayan magariba yana ƙirga fasinja?

Ku buɗe Kundin Tsarin Mulki na 1999, Jadawali na Huɗu. A cikin ayyukan ƙaramar hukuma an ambaci ba da lasisin kekuna, amalanke da kwale-kwale, da sunansa ƙarara. An kuma ɗora mata kula da kasuwanni da tashoshin mota. Wanda ke da ikon ba jirgi lasisi yana da ikon hana ruɓaɓɓen jirgi lasisi. Kuma su wa ke yin dokokin ƙaramar hukuma in ba kansiloli ba?

Za a ce babu kuɗi. A Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Ko a ce kuɗin bai iso yadda ya kamata ba, nawa ake kashewa a rubuta adadin mutanen da jirgi zai ɗauka a jikinsa da fenti? Idan ana samun mai yankar rasit ranar kasuwa, ba za a rasa mai tsayawa a mashigi ba.

Don haka muna kira ga kansilolin Bursari, Bade da Nguru su kai ƙuduri zauren majalisunsu. A yi wa kowane jirgin fito rajista, a duba lafiyarsa kafin damina. A kafa kwamiti a kowane mashigi, a sa sarkin ruwa, mai unguwa da wakilin masu fito, don su suka san inda ruwa ke ci da inda kachala ta toshe hanya. A ajiye rigunan kariya a wurin, ba a ofis ba. A hana tashi bayan faɗuwar rana sai da lalurar rashin lafiya. A zauna da maƙwabtanmu na Guri, tunda ruwan bai san iyakar jiha ba.

Mu ma da laifinmu. Mu ne ke cusa kai jirgin da ya riga ya cika, da buhu da babur, muna cewa sai kwana ya ƙare. Tawakkali ba ganganci ba ne.

Kansila ba mai rabon shinkafar azumi kaɗai ba ne. Gidansa muka sani, tare muke sallah. Kowa ya taka ya tambayi nasa: me ka kai majalisa kan mashiginmu? Amsar da ya bayar, mu riƙe ta har ranar zaɓe.

Allah Ya kiyaye mu da iyalanmu, amin.